Kurege Ya Je Duba Gidan Iya Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Iya Bushiya ce tsufa ya kama ta, ta ce za ta sayar da gidanta ta koma wajen 'yarta. Gida ne na gani na faɗa: ɗaki biyu, da zaure, ga rijiya a tsakar gida. Kurege ya leƙa, yawunsa ya tsinke. Yana son gida, amma ba ya son rabuwa da gyaɗarsa, ga shi kuwa da gyaɗa ake ciniki a garin.

Sai ya bari har ranar kasuwa. Iya na fita, ya haura katanga. Ya sa farce ya kankare bango. Ya hau soro ya cusa tsumma a indararo. Ya sauko ya haƙa rami mai zurfi a bayan ɗaki, ya share sawunsa da wutsiya, ya yi gaba.

Bayan kwana uku ya dawo cikin babbar riga, ya yi sallama.

"Iya, gida zan saya, amma sai na duba."

"Duba, ɗan nan, duba."

Ya ƙwanƙwasa bango, ƙasa ta zubo. "Gara ta gama da shi! A rage, Iya, a rage."

Iya ta rage.

Ya zuba ruwa a soro, ruwa ya tsaya cak. "Da damina sai an kwana da kwale-kwale! A rage, Iya, a rage."

Iya ta rage.

Ya leƙa rijiya, ya ga fuskarsa. "Ga wani mummuna a ciki yana hararata! A rage, Iya, a rage."

Iya ta dube shi, ta ce, "Wannan kam ban musa ba." Ta rage.

Da suka zagaya bayan ɗaki, Kurege ya dafe ƙirji. "Ramin maciji!"

"Tun ina amarya nake gidan nan, ban taɓa ganin maciji ba."

"Bari in shiga in gano miki."

Niyyarsa ya shiga, ya yi ihun ƙarya, ya fito. Ashe Gamsheƙa ya tsinci rami sabo fil, ba mai shi, ya tare tun shekaranjiya. Kurege na shiga, aka yi caraf aka nannaɗe shi.

"Wayyo Iya! Maciji!"

"Na rage, ɗan nan, fito."

"Iya, wannan na gaske ne!"

"Na ce na rage! Kyauta kake so in ba ka?"

Gamsheƙa ya fasa kai, ya ce, "Kai wane ne, da za ka faɗo mini gida ba sallama?"

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, magini ne. Ni na haƙa ramin nan da hannuna. Ban gama ba, sai ka tare. Dubi rufin, ko tokari babu! Yanzun nan zai rufto, mu tafi lahira tare."

Ya sa wutsiya ya goge sama, ƙasa ta zubo wa maciji a ido.

"Yaya za a yi?"

"Sake ni, ka tokare da kanka, in ɗauko itace."

Gamsheƙa ya warware, ya miƙe sambal, ya tokare rufi. Kurege ya yi wuf ya fito, sai ga Iya zaune a bakin rami, ta yi tagumi, ta ji komai.

"Sannu da aiki, magini. Bangon ma kai ne? Indararon ma kai ne?"

"Iya, ai rijiyar ba ni ba ne."

"Ita ce ma ta fi zama kai, mummunan da ka gani a ciki."

Sai ta sunkuya ta ce, "Malam na ciki, hutar da wuyanka. Ramin ƙalau yake. Ga maginin naka nan zai gudu."

Gamsheƙa ya fito yana huci. Kurege ya tuɓe babbar riga, ya ba ƙafa iska, maciji ya rufa masa baya, har suka ɓace a daji. Iya ta cike rami, ta naɗe rigar, ta ce ta isa ladan gyaran bango.

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege a gona, sai ya yi gudu kaɗan, ya miƙe tsaye, ya waiga.

Kurunkus, kan gafiya a tukunyar maƙwabta! In za ku sayi gida, ku duba bango, ku duba rufi, amma in an zo kan rami, ku ce dillali ya fara shiga.