Ladanin da Shishar Aljihu ta Karya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye can wajen Randagi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma ina ƙaunarsa. Shi da bakinsa ya ce in ba ku labarin.

Manomi ne, kuma shi ne ladanin masallacin ƙauyensu. Allah ya ba shi murya. Ba su da lasifika, amma idan ya kira azahar, wanda ke noma a bakin daji yakan ji, ya ajiye fartanya.

Yana saurayi ya sha taba. Mahaifiyarsa, Inna Azumi, ta yi ta kuka a kansa, har ya durƙusa gabanta ya rantse da Allah ba zai ƙara ba. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da wannan rantsuwa.

Sai fitinar daji ta zo. Kun san ta, ba sai na tuna muku ba. Suka baro ƙauye da kayan jikinsu, suka sauka a ɗaki biyu a cikin Birnin Gwari. Ba gona, ba masallacin da yake kira. Ya koma yin acaɓa. Duk lokacin da ya ji wani ladani a lasifika, sai ya tuna da masallacin ƙauyensu.

Wata rana ya tsaya cajin waya a wani shago kusa da tasha. Mai shagon ya ga damuwa a fuskarsa, sai ya fito da abu biyu ya ajiye a kan tebur. Shishar aljihu ce, wadda ake zuƙa da batir, ba wuta ba toka. Ɗaya ta ƙarfe ce, mai nauyi a hannu, ana yi mata caji, ana zuba mata ruwa daga kwalba mai hatimi. Ɗayar ta roba ce, mai launi kamar alewa, idan ta ƙare a yar.

Mai shagon ya ce masa, "Malam, wannan ta ƙarfen ta manyan mutane ce, tururi ne kawai. Waccan kuwa ta 'yan tasha ce."

Ku lura da kyau, ya 'yan uwa. Mutumin nan bai tambayi kansa ko ya dace ya sha ba. Ya tambaya wacce ta fi kyau. Tun daga nan Shaiɗan ya gama da shi.

Ya sayi ta ƙarfen. Ya ce wa zuciyarsa rantsuwarsa a kan taba ce, wannan kuwa ba taba ba ce. To, in ba taba ba ce, me ya sa yake ɓoye ta a ƙarƙashin kujerar babur?

Ba a daɗe ba kasuwa ta juya. Ruwan nan mai hatimi ya yi wuyar samu, ga tsada. 'Yan robar nan kuwa suka cika gari, mai ƙamshin mangwaro, mai na kankana, mai na na'a-na'a. Wasu ma a bayan shago ake sake cika su da ruwan da ba wanda ya san mene ne. Wanda jiya yake raina ta 'yan tasha, yau shi ne ke tsayawa a layinta. Jiki ya riga ya saba, ba ya tambayar kwali.

Matarsa Bara'atu tana wanki ta ce, "Malam, me ke ƙamshin mangwaro a rigarka, alhali ba lokacinsa ba ne?"

Ya ce, "Wallahi turaren fasinja ne."

Kun gani? Ya kawo rantsuwar ƙarya ya rufe wadda ya karya.

Tari ya fara. Maƙwabcinsu Timothy, mai shagon magani, yana jin sa ta bango. Wata safiya ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Malam, wannan tarin ba na mura ba ne. Na ga abin da kake saye."

Maimakon ya ji tsoro, sai ya rage murya ya ce, "To gaya mini, in na koma mai tsadar, illar za ta ragu?"

Timothy ya ce, "Ni ban san wadda zan ba ɗan uwana ba a cikinsu. Don Allah ka je asibiti."

Bai je ba. Ya ce ƙurar hanya ce.

Da Allah ya kawo sauƙi, mutanen ƙauyen suka fara komawa, har da shi da iyalinsa. Suka share masallaci, suka rufa masa sabon kwano. Ranar farko, azahar ta yi, dattijon gari Malam Yusha'u ya kama hannun ladanin ya ce, "Tashi ka kira mana, mu san mun dawo gida."

Mata suka taru a bayan danga. Inna Azumi, wadda idonta ya riga ya dushe, ta ce a fito da ita a tabarma don ta ji ɗanta.

Ya miƙe, ya kai hannu kunne. Kabbarar farko ta fito a shaƙe. Ya ja numfashi don shahada, numfashin ya ƙi zuwa. Tari ya sarƙe shi, ya faɗi a kan gwiwa, 'yar robar ta zame daga aljihunsa ta gangara gaban jama'a. Malam Yusha'u ne ya ƙarasa kiran.

A kan babur aka riƙe shi zuwa gari, daga nan sai Kaduna. Likitoci suka ce huhunsa ya ji jiki ƙwarai. Rai ya tsira, amma yau daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta sau biyu. Gonar da ya yi shekaru yana kukan rabuwa da ita, ga ta nan, ba ya iya riƙe fartanya. A zaune yake salla. Magana ma sai ka matso kusa.

Da aka dawo da shi gida, ya rarrafa wurin mahaifiyarsa ya gaya mata komai. Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu ta ce, "Tun ranar da ka fara na ji ƙamshin. Ido ne ba ni da shi, ba hanci ba. Na yi shiru ne ina jira ka zo ka faɗa mini da bakinka. Na yafe maka nawa, ɗana. Ka nemi na Ubangijinka."

Ya ce mini wannan maganar ta fi ciwon zafi.

Ya 'yan uwa, ban kawo labarin nan don ku yi masa dariya ba. Baƙin ciki ne ya kai shi shagon nan, kuma wa a cikinmu bai ɗanɗana shi ba a shekarun nan? Amma numfashi amana ne, rantsuwa ma amana ce. Idan aka ajiye muku ɓarna biyu aka ce ku zaɓa, ku sani kuna da ikon tashi ku bar su duka a kan teburin. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya jira ranar da za ta faɗo masa daga aljihu. Ya nemi wanda yake ƙaunarsa ya gaya masa yau, ya je asibiti gobe.

Ya Allah ka ba ɗan uwanmu lafiya, ka karɓi tubansa, ka saka wa mahaifiyarsa da Aljanna. Ka zaunar da dajinmu lafiya. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu daga abin da za mu ji kunyar a gani a hannunmu. Amin.