Ƙuduji a Ƙofar Iya Gyaɗa

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku karɓe ta.

A ƙarƙashin gonar Malam Tanimu akwai wani ɗan iri, Ƙuduji, wanda ko tururuwa ba ta ɓata lokacin ɗaukarsa. Ga ci, ga ƙyuya. Guzurin da uwarsa ta bar masa na kwana uku ne kacal. In ya farka bai sami saiwar tsotsa ba har ya ƙare, to sai dai a yi masa addu'a. Shi ya sa yake barci hanci a buɗe.

Me yake sansana? Idan yunwa ta kama saiwar shuka, takan saki wani ƙamshi cikin ƙasa, kiran da ta gada tun tana iri. Masu amsawa su ne Farin Zare, dangin naman kaza. Su kawo mata ruwa da abincin ƙasa, ita ta ba su zaƙi. Amana ce ta kaka da kakanni, kuma ba wanda ya sa Ƙuduji a ciki. Shi ya sa kansa.

Ran nan Dawa ta yi kira. Gogan naka ya yi birgima cikin toka, ya yi fari fat, ya riga kowa isa.

"Salamu alaikum, Hajiya Dawa! Naku ne, Farin Zare."

"Ina kayan?" in ji Dawa.

"Suna baya, sun yi wa jaki nauyi. Buɗe in huta."

Yunwa ba ta bar ta ta ƙara tambaya ba. Ta buɗe, ya kafa baki. Duk tsawon nan nata, haka ta bushe a tsaye tana jiran jaki.

"Ni ne Ƙuduji," ya ce yana gyatsa, "mai girbi ba fartanya!"

Da gari ya waye Gero ya yi kira, sai ga shi.

"Ba kai ka kashe Dawa ba?" in ji Gero.

"Haba Alhaji! Ƙanena ne, ya ɓata mana suna. Haƙuri aka aiko ni in bayar."

Gero, sarkin tausayi, ya buɗe. Shi ma ya bi Dawa. Ƙuduji ya yi fure, ya zubar da 'ya'ya, ya koma barci.

Malam Tanimu ya dubi rumbu wayam, ya ce wa matarsa, "Lantana, baɗi gyaɗa za mu zuba. Haka Baba yake yi in gona ta kamu da ƙuduji."

Da gari ya waye bayan ruwan shuka, ƙamshi ya bugi hancin Ƙuduji. Ya miƙe zumbur, ya shafa toka, ya fara cin guzuri a hanya.

"Salamu alaikum! Naku ne, Farin Zare."

"Maraba," in ji Iya Gyaɗa daga ciki. "Na yi kira, gaskiya ne. To amsa."

"Ai na yi sallama, Iya."

"Ɗan nan, baƙina da nasu ƙamshin suke amsawa, sannan ƙofa ta buɗe. Har ƙananan da ke zaune cikin ƙullin saiwata, sai da suka amsa na gina musu ɗaki."

"Mura nake yi."

"Allah ya sawwaƙe. In ka warke ka dawo."

Ya yi labarin jaki, ta ce a gaishe shi. Ya yi na ƙane, ta ce Allah ya shirya. Kwana biyu ya kai wa saiwar karo, hancinsa ya fashe, ita ko gezau. Amsar nan gado ce, ba a aronta, kuma toka ba ta ƙamshi.

Da gari ya waye rana ta uku, guzuri saura loma ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai. Wata akuya ta ratsa gonar, ya maƙale a kofatonta, hanci a kumbure, toka duk ta zube.

"Da ma gyaɗa kumburin ciki take sa ni!" ya ɗaga murya. "Ki gaya wa Tanimu na bar 'ya'ya dubu hamsin a ƙasar nan, kowanne hanci a buɗe!"

"Na ji su," in ji Iya Gyaɗa. "Tun shekaranjiya suke layi a ƙofata, kowanne wai mura yake yi."

Ƙurunƙus, tatsuniya ta bi kofaton akuya.