Alhaji Abdulbaƙi da Ramar Kwana Arba'in

Akwai wani dillalin shanu a Daura mai suna Alhaji Abdulbaƙi. Shekarunsa arba'in da shida, kuma duk mai cin kasuwar Mai'adua ya san rumfarsa. Da ƙuruciya da ƙafa yake koro shanu daga bakin iyaka, jikinsa kamar sanda. Da Allah ya buɗa masa, sai tafiya ta ƙare. Mota ke ɗaukarsa daga ƙofar gida ta ajiye shi bakin rumfa, ya harɗe a kan tabarma, ciniki ya zo ya same shi.

Abinci ma zuwa yake ya same shi. Waina da safe, balangu da rana, fura da sukari cokali huɗu, lemon kwalba kuwa ba ya ƙirgawa. In ya koma gida matarsa, Hajiya Hadiyya, ta ajiye masa malmalar tuwo uku. Tumbi ya fito, wuya ya ɓace. Mutane suna cewa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Shi kuma ya shafa ciki ya yi dariya.

A tsakiyar bazara Allah ya yi wa mahaifinsu, Malam Sada, rasuwa.

Da aka idar da sallar gawa aka ɗaga makara, Alhaji ya sa kafaɗa. Bai yi taku ashirin ba numfashi ya gagare shi, dole ƙanensa Munzali ya karɓe shi. Da aka isa maƙabarta ya ce shi ne babban ɗa, shi zai shiga ya karɓi mahaifinsa.

Yana zura ƙafa gefen kabarin ya rufta, ƙasa ta zuba ciki. Ya yi ƙoƙarin sunkuyawa, ciki ya tokare shi. Ya yi ƙoƙarin fitowa, gwiwa ta ƙi. Sai da mutum uku suka kama shi suka jawo shi waje. Aka dakata ana kwashe ƙasar, gawar tsohon tana jira cikin rana. Munzali ne ya kwantar da mahaifinsu.

Ba wanda ya yi dariya. Amma Alhaji ya ji wani daga bayansa yana cewa a hankali, "Subhanallahi, ashe ƙiba ma cuta ce."

Maganar nan ta zauna masa a ƙirji. Har aka yi sadakar uku bai sa komai a bakinsa ba sai ruwan shayi.

Ƙanwarsa Rahmatu ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Dutsi. Ita ta fara lura. Ta same shi a ɗaki, ta auna jininsa ta ga ya hau, ta sa ya taka sikeli. Kilo ɗari da ashirin da takwas.

Ya ce, "Rahmatu, na yi wa kaina alkawari. Kafin addu'ar arba'in sai na zubar da kilo talatin. Mutanen da suka ga an jawo ni daga kabarin Baba, su za su gan ni na miƙe."

Ta ce, "Yaya, shekara goma sha biyar ka yi kana tara kitsen nan. Ba zai tafi a kwana arba'in ba, sai dai ya tafi da kai."

"To ya kike so in yi? In zauna haka?"

"Kai ka fi ni sanin wannan ilimin. In kana son bajimi ya yi ƙiba, yaya kake masa?"

"A turke shi, a cika masa dusa da harawa, kada ya je ko'ina."

"To haka ka yi wa kanka. Abin da ke shiga ya fi abin da jiki ke ƙonawa, ragowar ta zama kitse. Maganinsa a rage mai shiga kaɗan, a ƙara motsi kaɗan. Tuwo uku ya koma ɗaya da rabi, a yawaita miyar ganye da wake. Lemon kwalba da sukarin fura ka bar su. Bayan sallar asuba ka yi tafiyar minti ashirin, in ka saba ka ƙara. Ka sha ruwa sosai, ka fara shan maganin hawan jini. Rabin kilo ko ɗaya a mako ya isa."

Alhaji ya yi tsaki. "Rabin kilo? Wato sai baɗi war haka? Ke yarinya ce, ba ki san abin da ke cin raina ba. Ba ke aka jawo kamar buhu a gaban jama'a ba."

"Yaya, bajimin da aka hana abinci aka kora cikin rana ba ƙarfi yake yi ba, faɗuwa yake."

"Tashi ki ba ni wuri, likitar Dutsi."

Ta tashi. Amma Hajiya Hadiyya tana bakin ƙofa ta ji komai. Ita ma jiki ya yi mata nauyi, gwiwoyinta sun daɗe suna damunta. Ta bi Rahmatu tsakar gida ta ce, "Maimaita mini, ni zan gwada."

Shi kuwa Alhaji ya ɗauki tasa hanyar. Ya haramta wa kansa tuwo da duk wani abinci mai nauyi. Da safe ruwan zafi da lemon tsami, da yamma kokwamba guda. A kasuwa ya sayi wani magani a gora, ba suna ba takarda, wurin wani mai talla da lasifika da ke rantsuwa yana narka kitse cikin mako. Maganin ya sa shi gudawa ba ƙaƙƙautawa, shi kuma ya ɗauka kitse ne ke fita.

Wani ya gaya masa gumi ma kitse ne. Sai ya samo rigar leda ya riƙa sawa, ya fita bayan gari da tsakar rana yana sassarfa cikin zafin bazara. In ya dawo ba ya yarda ya sha ruwa sosai, don ya lura ruwa na ƙara nauyi a sikeli. Da gwiwoyinsa suka kumbura, ya riƙa haɗiyar ƙwayoyin kashe zogi uku-uku don ya samu fita.

Hajiya tana gefe tana cin tuwonta ɗan daidai da miyar zogale. Ta daina hawa babur zuwa Islamiyya, ta koma takawa. In ya gan ta da kwano sai ya ce, "Kina ci kina cewa kina rage ƙiba? Wasa kike."

Ta ce, "Alhaji, don girman Allah ko kunu ka sha. Dubi idonka."

Ya ce, "Kada ki ƙara yi mini maganar abinci a gidan nan."

Cikin mako biyu kilo goma sha ɗaya suka tafi. A rumfa aka fara cewa, "Kai Alhaji, wane sirri ne wannan?" Ya kira Rahmatu a waya yana murna.

"Likita, sha ɗaya! Ina rabin kilonki?"

Ta ce, "Yaya, ba kitse ba ne, ruwan jikinka ne da tsokarka. Gaya mini gaskiya, sau nawa kake fitsari a yini? Wane launi ne?"

Ya kashe wayar. Washegari ta taso tun daga Dutsi ta zo har gida, ya ce a ce mata ba ya nan.

Rana ta ashirin da shida ta faɗo ranar kasuwa. Yana tsaye yana taya wani bajimi, sai ya ga garken yana juyawa. Ya miƙa hannu zai dafa turke, bai kai ba.

A asibiti ya farfaɗo, daga nan aka wuce da shi Katsina. Bayan gwaje-gwaje likita ya tara shi da Hajiya da Munzali. Ya ce hawan jini ya daɗe yana cin ƙodojinsa a ɓoye, amma da sauran ƙarfinsu, da an lallaɓa su da sun kai shi shekaru. Rashin ruwa, da maganin gora, da ƙwayoyin zogi, su suka ƙarasa su.

Alhaji ya ce, "Likita, za su dawo?"

Likitan ya ce, "Za mu fara wankin ƙoda, mu ga abin da Allah zai yi."

Aka yi addu'ar arba'in yana kwance, robobi a jikinsa. Aka jira wata ɗaya, aka jira wata uku. Ƙodoji ba su dawo ba.

Yau wata takwas ke nan. Duk Litinin da Alhamis ana ɗaukarsa daga Daura zuwa Katsina, ya kwanta awa huɗu inji na wanke masa jini. Shanunsa suna fita ɗaya bayan ɗaya don biyan kuɗin wanki, ba mai dawowa. Rumfa ta koma hannun Munzali. Nauyinsa yanzu kilo tamanin da huɗu, manyan rigunansa suna rataye a jikinsa kamar an shanya su a kan igiya. Mutumin da ya ƙi ruwa da gangan, yanzu a kofi ake auna masa na yini guda. In ƙishi ya matsa masa sai a ba shi 'yar ƙanƙara ya tsotsa.

Hajiya Hadiyya kuwa kilo goma sha biyu ta sauke a wata takwas ɗin nan, ba ta kwana da yunwa ko sau ɗaya ba. Gwiwarta ta saki. Ita ce ke sa kafaɗa ta tallafe shi daga mota zuwa ɗakin wanki. Bai taɓa ce mata komai a kan haka ba, amma ta sha ganin yana kallon ƙafafunta in tana tafiya, sannan ya kau da kai.

Wata Laraba da hantsi Rahmatu ta zo duba shi. Ta same shi a zaune a inuwa, ya jingina da bango. Suka gaisa.

Can ya ce, "Rahmatu, hanyar nan da kika gaya mini. Tuwo ɗaya da rabi, da tafiyar asuba. In na fara yanzu fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Ya ce, "Faɗi mana. Ai yanzu ina ji."

Ta ce, "Yaya, yanzu sai abin da likitocinka suka ce. Waccan hanyar ta mai ƙoda ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

Ya ce, "Shekara ɗaya hanyarki take nema, na ga ta yi mini nisa. Ga shi ta kusa cika ina zaune."

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. Allah yana sane da kai."

Sannan ya ce, "Kin ga Munzali kwanan nan? Tun da ya zauna a rumfar nan ya fara tumbi. Jiya na ga kwalaben lemo a motarsa. Ki je ki gaya masa abin da kika gaya mini, kada ki rage ko kalma."

"In ya kore ni fa, kamar yadda ka yi?"

"Ki ce in ji ni, gobe Alhamis shi zai kai ni Katsina. Kuma ba a mota zai jira ba. Ya shigo ya zauna kusa da gadona, awa huɗun nan, ya kalla."

Darasi: Ƙibar da aka tara a shekaru ba a sauke ta a kwanaki. Jiki amana ne, ba a gyara shi da yunwa, ko hana shi ruwa, ko maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba. A rage ci daidai gwargwado, a motsa jiki kullum gwargwadon ƙarfi, a nemi shawarar ma'aikatan lafiya, kuma kada girman kai ya hana mu jin gaskiya don ta fito daga bakin na ƙasa da mu. Sannu ba ta hana zuwa. 'Yan uwa, ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana fama da nauyin jiki, tun yana da sauran zaɓi.