Zirnaƙo da Kujera Ɗaya

Ku matso kusa, ku da kuke cika baki cewa ba a taɓa kawo shari'ar da ta gagari majalisar nan ba. Yau na zo muku da wata, kuma ba zan tashi daga tabarmar nan ba sai kun yanke ta. Kai Sabi'u, ajiye wayar nan ka ba ni kunnenka.

A wani gari an yi 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Ɗahiru mai gyaran janareta, Hudu malamin firamare, da autansu Ilu mai shayi. Tun suna yara, in jirgin sama ya gilma sai su bar tuwo su fito tsakar gida, wuya a sama, har sai ya ɓace. Sun girma, sun ajiye iyali, amma babu wanda ya taɓa sa ƙafa a cikin jirgi. Sai suka huce haushinsu a kan jirgin igiya.

Ga wanda bai sani ba, ɗan jirgi ne na katako mara nauyi, tsawonsa kamu guda, da inji kamar kwalbar turare. Ana ɗaura masa siraran wayoyi biyu masu tsawo. Mutum ya tsaya tsakiyar fili riƙe da mariƙi, jirgin yana kewaya shi, shi ma yana juyawa. Nasu sun sa masa suna Zirnaƙo saboda kukansa.

To akwai wani tsohon matuƙi ɗan garin, Kyaftin Maiwada, wanda ya yi ritaya ya dawo gida da ɗan jirginsa na gaske mai kujeru biyu. Shi ke shirya gasar jirgin igiya duk shekara a filin idi, kuma mutum ne mai son doka fiye da abinci. Jirage uku suke tashi tare, zagaye ɗari. Tankin kowa iri ɗaya ne, bai wuce babban yatsa ba. In mai ya ƙare sai a sauka, ɗan'uwanka ya cafke jirgin, ya cika tanki, ya tayar da inji da yatsansa kawai. Mai tuƙi kuwa ba ya fita daga da'irar da aka zana da farar ƙasa, hannunsa ɗaya a kan mariƙi, ɗayan a kan hularsa. Wannan dokar ta hula an kafa ta ne tun shekarar da matuƙa suka riƙa zungurin juna da gwiwar hannu. Ka cire hannu daga hula, an kore ka. Inji kuma kowa ya zaɓi wanda ya ga dama.

A wannan shekarar Kyaftin ya ce zai ɗauki wanda ya ci a jirgin gaske, su kewaya gari ya ga rufin gidansu daga sama. Da 'yan'uwan nan suka ji, abinci ma daina shiga ya yi.

Ɗahiru shi ne mai zaɓen inji. Inji iri biyu ne a kasuwa: mai shan sifirit, wanda yake gudu kamar an koro shi, da mai shan kananzir, wanda bai kai shi sauri ba. Kowa ya ruga ya sayi mai gudu. Ɗahiru ya dubi tankin nan ƙarami, ya ce gudu ba zai amfane ka ba in rabin gasar kana ƙasa ana ɗura maka mai. Ya ɗauki mai kananzir. Aka yi masa dariya har a masallaci, ana tambayarsa ko injin niƙa ya sayo. Ƙannensa ma fushi suka yi da shi. Bai kula ba. Ya yi ta haɗa kananzir da man zurma da wani ruwa mai saurin kama wuta, yana gwadawa yana zubarwa, har matarsa ta ce miyarta ta fara warin gareji. Ranar gasa abokan karawarsu biyu suka wuce Zirnaƙo fuu, mutane suna sowa. Ba a jima ba mai ya ƙare musu, suka sauka, Zirnaƙo yana sama yana ta kukansa. Su sai sun sauka sau uku, shi sau biyu ya ishe shi. Masu dariya suka fara tari.

Hudu shi ne mai tuƙi. Ya ci kwalliya ranar, doguwar riga da sabon wando, don surukinsa yana cikin manyan baƙi, ga kuma 'yan ajinsa sun cika gefen fili. Ana tsakiyar gasa, matuƙa uku suna juyawa kafaɗa da kafaɗa, sai mazagin wandon nan ya kwance. Jama'a, ku dubi halin bawan Allah. Hannun dama yana kan mariƙi, in ya saki jirgi ya tarwatse. Na hagu yana kan hula, in ya cire an kore su. Wando ya sauka gwiwa, ya sauka idon sawu. Yara suka ɗauki ihu, “Malam, wando! Malam, wando!” Surukinsa ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. A daidai lokacin iska ta bugo, wayoyin suka yi sako-sako, jirgi ya fara lilo. Hudu ya ja da baya taku-taku kamar akuyar da aka dabaibaye, ya tsaya daidai bakin farar ƙasa, wayoyi suka miƙe. Sannan ya zare ƙafafunsa daga wandon ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, ya bar shi nan a ƙasa. Allah ya so rigar ta wuce gwiwa. Da mai ya ƙare karo na biyu, sai ya lallaɓo Zirnaƙo ya kawo shi daidai tafin hannun ƙanensa.

Ilu shi ne mai tarba. Mutumin da ya saba tsiyaya shayi daga sama ba tare da ɗigo ya zuba ba, cika tanki ba komai ba ne a wurinsa. A saukar farko kafin ka ƙifta ido ya gama. A ta biyun ce injin Ɗahiru ya nuna halinsa. Ya yi zafi, ya yi fushi. Ilu ya kaɗa farfela, shiru. Ya sake kaɗawa, ta dawo ta sare masa yatsa, jini ya ɓalle. Abokan karawa suna ta cinye ratar da aka ba su. Ɗahiru yana gefe yana ihu, “Ƙara mai! Ƙara mai!” Ilu ya taɓa kan injin ya ji kamar gindin butarsa, ya ce, “Yaya, wannan ba mai yake so ba, ƙishirwa yake ji.” Ya fizgi gorar zoɓo mai ƙanƙara daga hannun wani ɗan kallo, ya tsiyaya a kan injin daidai gwargwado, ko ɗigo bai shiga ƙofar da injin ke shaƙar iska ba. Inji ya yi cuu. Ya sa yatsan nan mai jini ya kaɗa sau ɗaya, Zirnaƙo ya ɗauki kuka ya tashi. Suka cika ɗari, na biyu yana bin su a wutsiya.

Ranar nan filin idi ya ga murna. Aka ɗaga Ilu sama, aka ɗaga Ɗahiru. Hudu ne kawai ya ce a dakata tukuna a miƙo masa wandonsa. Mahaifiyarsu, Inna Kulu, ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe.

Da la'asar aka ɗunguma wurin da jirgin gaske yake. Kyaftin ya buɗe ƙofa, ya ce, “Bisimilla, wanda ya ci ya shigo.” Su uku suka taka gaba a tare. Ya ce, “A'a, samari, kujera ɗaya ce, ɗayar tawa ce. Kuma tashin nan shi ne na ƙarshe, gobe masu sayen jirgin za su zo su tafi da shi.”

Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce ba don injin Ɗahiru ba da tun farko an bar su a baya. Wasu suka ce wa zai iya abin da Hudu ya yi a gaban surukinsa. Wasu suka ɗaga yatsan Ilu suna nuna wa jama'a. Aka juya wurin Inna Kulu, ta ce, “Ni ku rufa mini asiri, duka ni na haife su.” Su kuwa 'yan'uwan suna dariya suna dukan kafaɗar juna, amma kowa idonsa yana kan kujerar nan, irin kallon da suke yi wa sama tun suna yara.

Can na baro su, rana tana sunkuyawa, Kyaftin yana riƙe da ƙofa. To, ku gaya mini, tsakanin Ɗahiru da Hudu da Ilu, wane ne zai hau?