Waƙar da Kaka Uviluk Ta Dawo da Ita

Ku matso kusa, ku gyara zama. Labarin yau babu Gizo a cikinsa, na mutane ne irinmu, kuma idan na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

Can ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa har a yi tafiya a kansa, akwai mutanen da ake kira Inuwit. Ƙasarsu ba ta da bishiya. In sanyi ya kankama, rana leƙowa kawai take yi ta koma, ta bar duniya cikin wani haske shuɗi-shuɗi irin na bayan asuba. A wani ƙauyensu na bakin teku, cikin gidan katako da aka ɗora kan ƙafafun ƙarfe, akwai wata tsohuwa, Kaka Uviluk, da jikokinta uku. Babbansu Tulugak ne, saurayi mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Mai bi masa Arnaluk, budurwa mai yawan tunani, wadda takan zauna a taga ta manta da shayinta har ya huce. Autarsu Miyali ba ta iya zama wuri ɗaya, kuma duk karnukan ƙauyen sun san muryarta. Iyayen yaran sun hau jirgi zuwa babban birni, za a yi wa uban aikin ido, suka bar gidan a hannunsu.

Arnaluk sunan mahaifiyar Kaka ta ci, don haka tsohuwar ba ta kiranta da komai sai Inna, kamar dai yadda mu ma muke yi.

Ana nan sai guguwa ta taso daga teku. Ta kwana, ta wuni, ta sake kwana. Dusar ƙanƙara ta riƙa tafiya a kwance kamar ana sheƙa gari, har gidan maƙwabta ya ɓace daga taga. Wutar lantarki ta ɗauke, na'urar ɗumama gida ta mutu da ita. Sanyi ya shigo ta ƙarƙashin dabe, Kaka ta fara tari, yatsunta suka ƙi riƙe allura.

Kowa a cikin jikokin ya yi abin da yake ganin taimako ne. Tulugak ya ɗauko rishon da suke zuwa farauta da shi, ya kunna a tsakiyar ɗaki. Arnaluk ta bi ƙofa da tagogi ta cusa tsummoki a duk wata kafa, har ƙaramin ramin shan iska na bango bai tsira ba. A jikin bangon nan akwai wata 'yar na'ura mai ƙara idan iskar ɗaki ta gurɓace. Miyali ta cire batirinta ta sa a rediyo, don Kaka ta ji ko an ce guguwar za ta lafa. Ɗakin ya yi ɗumi. Kaka ta sa musu albarka, ta kishingiɗa.

Da rana ne, in za a kira wannan hasken rana. Arnaluk na kwance kan doguwar kujera, kanta na sarawa a hankali. Ta ji Miyali ta ce nata kan ma yana ciwo, ta ji Tulugak ya ce yunwa ce, sannan muryoyin suka yi nisa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Wani barci mai daɗi ya zo ya lulluɓe ta. Ta ga teku ya narke, ya yi luf kamar madara a ƙwarya. Tana cikin ƙaramin kwale-kwale na fata, babu mai tuƙi, yana tafiya da kansa. Hasken nan kore da kan yi rawa a samansu ya sauko ƙasa-ƙasa, yana shafar fuskarta kamar gefen mayafi. A can gaba akwai gaɓa, da mutane tsaye suna ɗaga mata hannu, ba ta san su ba amma duk suna kama da ita. Ba ta taɓa jin hutu irin wannan ba. A gaban kwale-kwalen wata 'yar wuta na ci, rawaya, tana lanƙwasa kamar ita ma barci take ji.

Wutar nan ce ta dame ta. Ta buɗe ido da ƙyar, sai ta ga ashe wutar rishon ce take kallo. Da safe shuɗiya ce tsaf, yanzu ta koma rawaya. Daga wani lungu na kanta maganar nas ɗin ƙauyen ta taso, ranar da ta zo makarantarsu: wuta a ɗaki rufe tana haifar da wata iska da ba ta da wari, ba ta da launi, kuma idan mutanen gida suka yi ciwon kai lokaci ɗaya, to ba ciwon kai ba ne, a nemi iskar waje.

Arnaluk ta yunƙura, ƙafafunta suka ƙi, kamar na aro. Ta mirgino ƙasa. Gaɓar nan ta mafarki tana ta kiranta, dabe ya yi mata laushi kamar katifa, amma ta ja ciki har gaban rishon ta murɗa shi ya mutu. Ta ja jiki wurin Tulugak, ta girgiza shi, bai motsa ba. Kusa da shi akwai bokitin ƙanƙarar da suke narkarwa don sha. Ta tattara ƙarfin da ya rage mata ta kifa masa shi a fuska.

Ya zabura yana haki. Ta ce, "Yaya, iskar ɗakin ce ke kashe mu. Buɗe wani wuri." Daga nan kanta ya koma ƙasa, sauran abin da ya faru ta gan shi ne kamar ta cikin hazo.

Tulugak ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa. Ya ja ƙofa, sai ya tarar da bangon ƙanƙara tun daga ƙasa har sama, guguwa ta danne shi ya yi tauri kamar dutse. Ya lalubo sandar ƙarfen da suke huda teku da ita don kamun kifi, ya maka wa taga. Gilashi ya tarwatse, iska ta faɗo ɗakin kamar wuƙa. Ya ɗauki Miyali ya kai fuskarta bakin tagar har ta yi tari ta buɗe ido. Ya jawo Arnaluk ya jingina ta a wurin. Da ya zo kan Kaka, ya kira, ya jijjiga, ba ta amsa ba. Numfashinta siriri ne kamar zare. Ya naɗe ta da fatun barewa ya kwantar da ita inda iska ke shigowa. Ya san duk mai zuwa taimako ba zai shigo da kaya ta wannan 'yar tagar ba, don haka ya fita ta cikinta, ya zagaya ƙofa ya hau tona. Shebur na binne a wani wuri. Da murfin tukunya ya yi tonon, yana yi yana amai, iska ta fizge masa safar hannu ɗaya bai tsaya nema ba.

Waya ta mutu tun jiya. Ɗakin shan magani kuwa yana ɗaya ƙarshen ƙauyen, kuma a irin wannan guguwa manyan mafarauta sun sha ɓata tsakanin gidansu da na maƙwabci. Miyali ta dubi Kaka, ta dubi yayarta da ba ta iya tsayuwa, ta sa rigarta ta fata ta bi ta taga.

Tulugak ya ce, "Koma ciki, Auta. In na gama ni zan je."

Ta ce, "Kafin ka gama Kaka ta tafi, Yaya."

Ta kwance tsohuwar karyarsu, ta ɗaura igiyar a ƙugunta, farin guguwar ya haɗiye su. Babu sama, babu ƙasa, ko hannunta ba ta gani. Sai ta riƙa kiran karnukan ƙauyen da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya amsa daga dama, ta san gidan wane ne. Wancan mai dasasshiyar murya ya amsa daga gaba, ta san ta kusa makaranta. Gubar ba ta gama fita daga jininta ba, don haka a tsakiyar hanya ƙanƙarar ta yi mata kama da shimfiɗa, ta durƙusa don ta ɗan huta. Karyar ta ja igiya, ta ja, har ta tashi. Da goshi ta daki bangon ɗakin shan maganin, da haka ta san ta iso.

Nas ɗin ta fito da maza biyu, suka jawo tukunyar iskar numfashi a kan abin jan kaya, suna bin Miyali da karyarta. Sun iso Tulugak ya gama buɗe ƙofa ke nan. Aka sa wa Kaka abin shaƙa a fuska, aka sa wa yaran su ma. Nas ɗin ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a yi wa iyayensu mummunan aike. Yatsu biyu na hannun Tulugak ba su warke ba, daga baya aka cire su. Miyali har ta girma da tabon sanyin ranar a kumatunta. Arnaluk kuwa ta daɗe tana fama da ciwon kai da mantuwa, don ita ta fi kusa da rishon.

Sai da guguwa ta lafa Kaka ta farka sosai. Maƙwabta sun cika ɗakin, an toshe tagar da katako, an buɗe ramin shan iska, an mayar da batir inda yake. Ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta ce:

"Na yi nisa, Inna. Na kai wata gaɓa, na tarar ana waƙa. Na tsaya na koya, ina cikin koyo aka jawo ni baya. Ga ta nan a bakina ban rera wa kowa ba."

A gidansu, waƙa irin wannan mutum ɗaya ake yi wa. Ana saka sunansa a ciki, ta zama tasa har ya mutu, ba a raba ta kuma ba a canza mata suna. Kaka ta ce wanda ya dawo da ita shi za ta ba, ta tambaya wane ne.

Jikokin suka sunkuyar da kai, maƙwabta suka ɗauki zancen. Wani tsohon mafarauci ya ce Arnaluk ce, don da ba ta baro mafarkinta ta gane abin da ke faruwa ba, da babu wanda zai tashi, balle a fasa taga ko a je kiran nas. Wata mata ta ce ganewa ba ta shigo da iska, Tulugak ne ya buɗe musu hanyar numfashi, kuma ga hannunsa nan kowa ya gani. Nas ɗin ta ce iskar taga ta ishi matasa, amma tsohuwa ba za ta tashi ba sai da tukunyar nan, kuma tukunyar ba ta da ƙafa. Can daga baya wani ya yi gyaran murya ya ce a dai tuna wanda ya shigo da risho, da wadda ta toshe kafofi, da wadda ta cire batir. Amma kowa ya san saboda Kaka suka yi.

Tsohuwar ta rufe ido, tana motsa leɓe a hankali, waƙar na jiran suna. Arnaluk ta dubi yayanta da naɗaɗɗen hannunsa, ta dubi ƙanwarta da ke barci a jikin karya.

To, ku da kuke zaune nan, tsakanin wadda ta farka, da wanda ya fasa, da wadda ta ratsa guguwa, sunan wa Kaka Uviluk za ta saka a waƙarta?