Kwanon Tangaran Mai Huji

Auta tela ce mai hannu, amma tana da hali guda: duk abin da ya girme ta, to a wurinta tarkace ne. Ba ta tambaya, ba ta kuma tsayawa a ba ta labari.

Da Kaka ta rasu, sai aka tarar ta bar wasiyya a ba Auta kwanukanta na tangaran. Farare ne masu zanen shuɗin fure a baki. Da ƙararsu Auta ta taso, duk safiya idan Kaka na wanke su ɗaya bayan ɗaya tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Yayyenta da suka gan su har ƙwalla suka yi. Ita kuwa baki ta taɓe.

"Wa ke cin abinci a waɗannan yanzu? Bari in nema musu aiki."

Ta kuwa nema musu. Ƙananan farantai suka koma shago, wannan na allurai, wancan na maɓallai. Butar shayi ta zama gidan almakashi. Babban kwano mai zurfi, mai ɗan ɓalli a baki, shi ta kai wa kafinta ya huda masa gindi da inji, ta cika shi da ƙasa, ta dasa fure ta ɗora a taga. Kowa ya shigo sai ya yaba dabararta, kanta kuwa sai ƙara girma yake.

Ba a daɗe ba aka dawo da Baba Tsoho, mijin Kaka, gidansu. Idanunsa sun tafi, kuma tun rasuwar matarsa yake ramewa. In an kawo masa abinci, sai ya shafa bakin kwanon da babban yatsa, ya ture. Kwana huɗu ruwa kawai ya sha. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, jikin ba zai ɗauka ba. Hankalin Auta ya tashi, don duk rashin jinta tana son tsohon nan kamar ranta.

Rana ta biyar Mama ta leƙo shago. "Auta, ina kwanon nan mai ɓalli?"

"Wanne? Na furen?"

Mama ta dafe ƙirji. "Fure? Shekara hamsin a ciki yake cin abinci! Shi ya ɓalle bakin da hannunsa, farkon aurensu. Kakarki ta bar miki ne don ta san ke za ki riƙa kai masa."

Auta ta nufi taga. Ta tuge furen, ta wanke kwanon sau uku, ta toshe hujin da ɗan ƙyalle, ta zuba shinkafa da miya ta kai masa.

Baba Tsoho ya bi bakin kwanon da yatsa har ya kai kan ɓallin. Fuskarsa ta saki. "Yawwa, ga shi nan," in ji shi. Ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Sai ya ji ɗumi na ɗiga masa a gwiwa. Ya laluba gindin kwanon, ya zare ƙyallen, ya daɗe yana taɓa hujin.

"Amaryata, aikinki ne?"

"Nawa ne, Baba," ta amsa.

Bai yi faɗa ba, ita kuwa da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Yatsansa ya sa ya toshe hujin, ya ci gaba da ci da ɗaya hannun har ya suɗe kwanon. Sannan ya miƙa mata.

"Ƙaro min kaɗan. Amma ki riƙe min ƙasan, yatsan nan ya gaji."

Haka Auta ta durƙusa gabansa, yatsanta a cikin hujin da ta sa aka yi, tana kuka ba sauti, shi kuma yana ci.

Darasin da ke nan shi ne, kada mu yi saurin raina abin da manya suka bar mana. Ba laifi ba ne a nema wa tsohon kaya sabon aiki, amma a fara tambayar waɗanda suka san shi. Wani kwanon har yanzu akwai wanda ransa ke rataye da shi, kuma in an riga an huda, nadama ba ta toshewa.