Masarar Baba Orville da Taron Ciyaman

Akwai wani Garrett Pohlman, ciyaman ɗin jam'iyyar Republican a gundumarmu ta Halvor, nan South Dakota. Yana kan tsani yana kafa jan ƙyalle a zauren taron gari, ƙusoshi a bakinsa, sai ga Marcy 'yar Baba Orville ta shigo da takalmin gona, ko lakar ba ta karkaɗe ba.

"Garrett, sauko mu yi magana."

"Ina jin ki daga nan."

"Ƙugun Baba ne ya karye. Likita ya ce ba zai taka ƙasa ba sai bayan Kirsimeti. Masara kuma tana nan tsaye, ko layi ɗaya ba a yanka ba. Mun sa gayya ran Asabar."

Garrett ya zare ƙusoshin daga bakinsa. "Wace Asabar?"

"Wadda ka sani mana."

To kun ji inda matsalar take. Asabar ɗin nan ita ce ta ƙarshe kafin zaɓe, kuma ita ce ranar babban taron da Garrett ya daɗe yana shiryawa. Shi kansa yana neman kujerar kwamishinan gunduma. Ya gayyato wani babban baƙo daga hedikwatar jiha, an yanka bijimi, matan coci sun ɗauki nauyin kek. Har taken taron ya buga a takarda: Mu Koma Kan Aƙidarmu.

Ita kuwa gayya a wajenmu ba a wasa da ita. Manomi ya kwanta ciwo ko ya mutu da amfani a gona, ba a jira sai ya roƙa. Kowa ya fito da injin girbinsa da tirelarsa, mata su kai abinci bakin gona, kafin rana ta faɗi an kwashe tas. Kuma Asabar ake yi, don a cikin mako kowa na fama da nasa girbin, Lahadi kuma mutanenmu ba sa tada inji.

"A mai da ita Laraba," in ji Garrett. "Ana gama zaɓe ni zan ja gaba, injina ne zai fara shiga gonar."

"Rediyo ta ce akwai hadari daga arewa."

"Rediyo kullum akwai hadari. Da makon jiya ma haka suka ce, kika ga wani abu?"

Marcy ta dube shi. "Lokacin da babanka ya rasu, wa ya fara shiga gonarku?"

Garrett ya mai da ƙusa bakinsa ya ci gaba da bugu.

Ai ya san amsar. Yana ɗan sakandare babansa ya faɗi a gona bai tashi ba. Baba Orville ne ya tattaro maƙwabta suka girbe wa mahaifiyarsa wake da masara, da ta fito godiya ya ce ta koma ciki, sanyi ake yi. Shi ne ma ya fara ɗaukar Garrett a motarsa zuwa taron jam'iyya.

Sannan akwai wani abu da kowa ya sani game da tsohon nan. Bai taɓa yankar inshorar amfanin gona ba, wai akwai tallafin gwamnati a ciki. 'Yarsa ta yi magiya har ta gaji. Sai ya ce, "Ni ba na cin kuɗin harajin wani. In wani abu ya same ni ina da maƙwabta." Garrett kuwa ba jawabin da zai yi bai kawo wannan maganar ba. Da ita yake samun tafi.

Da yamma Garrett ya ɗauki mota ya nufi asibiti. Ku tsaya ku ji dabara.

Ya tarar da tsohon kwance, ya rame, hular jam'iyya na rataye a ƙarfen gado.

"A'a, Ciyaman da kansa! Zauna, ɗana. Ya kamfen?"

"Lafiya lau, Baba. Sai dai an samu ɗan karo. Marcy ta sa gayya ranar taronmu. Na ce ba zan yanke komai ba sai na ji daga bakinka."

Baba Orville ya kalli rufi. Yatsunsa suna ta murza bakin bargo.

"Ku yi taronku," ya ce. "Masara ba gudu za ta yi ba."

Shi ke nan, Garrett ya samu abin da ya zo nema. Tun a farfajiyar asibitin ya fara buga waya gida gida. "Yanzu na fito daga wajensa. Shi da bakinsa ya ce a yi taro. Laraba za mu je masa gaba ɗaya. Kada ka ba ni kunya gaban baƙo fa."

Da ya koma gida, matarsa Darlene tana wanke kwanuka, ta ji yana maimaita wa wani maganar. Ta kashe famfo.

"Garrett, me kake so ya ce? Mutumin da ko gishiri bai taɓa roƙa ba?"

"Na tambaye shi, ya amsa."

"Ka tambaye shi ne don ka san amsar."

"Darlene, in baƙon nan ya zo ya ga kujeru wayam, an gama da ni a jam'iyya. Kuma abokiyar takarata Lorraine tana bin gida gida, kin sani. Tsohuwar malamar makaranta mara jam'iyya ta kayar da ciyaman? Da wane ido zan kalli mutane?"

Ta kunna famfonta ta ci gaba da wanke kwanukanta.

Asabar ta zo, gari garau, rana kamar an wanke ta. Garrett ya tsaya a ƙofar zaure yana nuna sama yana dariya. "Ina hadarin naku?" Zaure ya cika maƙil. Manyan manoman gunduma duk sun zo da tsabtatattun riguna, injinansu a kulle cikin rumfa.

Mutum ɗaya ne ya fita da inji a ranar, wani Hollis, maƙwabcin Baba Orville. Shi kaɗai ne ɗan Democrat da aka sani a duk faɗin Halvor, kuma shekara da shekaru shi da tsohon ba sa haɗuwa a shagon kofi su rabu ba su yi cacar baki ba. Injin nasa tsoho ne, layi kaɗan yake ci. Marcy ce ke jan tirela.

Babban baƙo ya iso a makare. Ya yi 'yar magana, ya kira garinmu da sunan wani gari, ya ɗauki hoto, ya shiga mota ko naman bai taɓa ba.

Sai Garrett ya hau. Gaskiya mutumin ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa.

"'Yan'uwa, mece ce aƙidarmu? Iyali! Aiki da hannunka! Imani! Mu ba ma zama mu jira Washington ta zo ta share mana hawaye. In gidanka ya kama wuta, maƙwabcinka ne zai zo da guga, ba wani mai kwat daga birni ba. Ku dubi Orville Stensrud! Mutumin da ya ce ba ya buƙatar gwamnati saboda yana da mu!"

A nan aka saba ɓarkewa da tafi. Ranar wasu mata ne kawai suka tafa, su ma suka tsaya da wuri. Zafi ya sa an buɗe ƙofar baya, kuma a cikin shirun nan kowa yana jin ƙarar injin Hollis daga nesa, shi kaɗai, yana zuwa yana dawowa. Maza suka sunkuyar da kai. Wasu suka ciro waya suna duba taswirar yanayi.

Garrett ya ga haka, ya ƙara ɗaga murya. Ya gama, aka ci nama, aka watse.

Ran Lahadi ana cikin coci sama ta rufe. Aka fara da ruwa mai daskarewa, ya lulluɓe kowane kara. Sai iska ta biyo baya, sannan dusar ƙanƙara. Karan masara ya bushe, ga nauyin ƙanƙara a kansa, ina zai iya? Kafin gari ya waye gonar Baba Orville ta kwanta gaba ɗaya, fari fat kamar ba a taɓa shuka komai a wurin ba. Abin da Hollis da Marcy suka samu suka kwashe bai kai kwata ba.

Ran Litinin Garrett ya buɗe ƙofa zai share dusar ƙanƙara, sai ya ga wani abu jingine a barandarsa. Allunan kamfen ɗinsa ne, irin waɗanda ake kafawa a ƙofar gida, masu sunansa da jan rubutu. An jera su tsaf, laka na manne a ƙafafunsu. Ba takarda, ba saƙo.

Ya tsaya da shebur a hannu. Yana tsayen wata mota ta tsaya, wani manomi da suka yi makaranta tare ya fito, ya ɗora nasa allon a kan sauran, ya ɗaga masa hannu kamar yadda aka saba, ya koma mota.

Garrett ya daure ya tafi shagon kofi, don ɗan takara ba ya ɓuya ana gobe zaɓe. Yana shiga hira ta mutu. Hollis ne kawai ya juyo, idanunsa jajur don gajiya.

"Ciyaman, barka da taro. An ce naman ya yi daɗi."

"Hollis, ba wanda ya san haka za ta faru."

"Ni dai ɗan Democrat ne, ban san aƙida ba. Rediyo kawai nake da ita."

Ba wanda ya yi dariya. Wani daga can ƙurya ya ce, a hankali, "Mu ma da laifinmu. Muna da ita rediyon."

Aka yi zaɓe. Da sakamako ya fito abin ya zama abin magana, ko da yake ba wanda ya yi mamaki. Mutanen Halvor sun dangwala wa Republican tun daga sama har ƙasa kamar kullum, amma da suka zo layin Garrett sai suka tsallake. Wasu suka bar wajen fanko, wasu suka ba Lorraine. Ita ta ci.

Laraba, ranar da ya yi alkawari, Garrett ya tuƙa motarsa zuwa gonar. Bai zo da inji ba, me inji zai yi? A bakin hanyar gidan ya ga allonsa guda ɗaya tsaye, dusar ƙanƙara ta binne rabinsa. A duk hanyar shi kaɗai ya rage.

Marcy tana ba shanu ciyawa. Ba ta daina ba.

"Kin manta ba ki cire wannan ba," ya ce.

"Ban manta ba. Baba ne ya hana ni. Ya ce shi ya kafa, kuma bai saba zare abin da ya kafa ba. Ƙuri'arsa ma kai ya ba, daga kan gado na kai masa takardar."

"Marcy, in dusar ta narke za mu iya tsintar wani abu..."

"Barewa da ɓeraye za su riga ku. Ka tafi, Garrett, ina da aiki."

Haka kuwa aka yi. Da sanyi ya wuce, abin da ke ƙasa ya ruɓe. Ba amfani, ba inshora, ga kuɗin asibiti. Aka sa gonar a kasuwa, gonar da kakan Baba Orville ya sare da hannunsa. Tsohon bai sake kwana a gidansa ba, daga asibiti gidan kula da tsofaffi aka wuce da shi.

Garrett ya daɗe yana kewaya wajen da mota bai shiga ba. Darlene ce ta gaji, wata rana ta miƙa masa kwanon miya ta ce, "Ka kai masa, ko ni in bar maka gidan."

Ya same shi a keken guragu gaban taga, yana kallon wajen ajiye motoci. Hular nan tana kansa.

"Baba."

Tsohon ya juyo a hankali. Sai ya yi murmushi, wallahi murmushi na gaske, ba na gatse ba.

"Ciyaman. Ka zo ke nan. Zauna, ɗana."

Garrett ya zauna, kwano a cinyarsa. Duk maganar da ya shirya a mota ta gudu. Mutumin da ke cika zaure da murya, ya kasa haɗa kalma biyu.

Baba Orville ya dafa masa gwiwa.

"Ban samu na tambaye ka ba. Jawabin ya yi kyau? An ce har ka ambaci sunana."

Garrett ya kifa kansa a kan kwanon. Miyar ta huce a wurin ba wanda ya sha.

Darasi: Aƙida ba a kan dandamali ake gane ta ba, ana gane ta ne ranar da riƙe ta zai sa ka rasa wani abu. Kuma in ka san mutum yana jin kunyar roƙo, kada ka je ka tambaye shi ko yana da buƙata, ka tashi ka yi kawai. Ku tura wa duk wanda ke shirin hawa dandamali a kakar zaɓen nan, kowace jam'iyya yake.

Amma fa kafin ku gama zagin Garrett, ku tuna zauren nan cike yake, kuma kowa a ciki yana da makullin injinsa a aljihu. Kai da kake karantawa, da kana zaune a wajen kana jin ƙarar injin Hollis, za ka miƙe ka fita gaban kowa, ko za ka jira a raba nama?